Kowa ya iya nuna Waziri, amma wa ya karanta littafin har ƙarshe?



Kwanan baya muna zaune a fada bayan isha'i, shayi na biyu yana kan wuta, sai gardamar siyasa ta tashi kamar yadda ta saba. Wani matashi daga cikinmu ya ambaci sunan wani babban mutum na ƙasar nan, ya ce ai wannan Wazirin Sarki Abdurrahman ne sak, yana cin tuwon gida yana kai labari ga abokan gaba. Fada ta ɗauki shewa. Wani ya karɓe, ya ce mu kuwa yanzu jikokin Sarauniya Mangu ne, ba mai sake taka mu. Akwai wani dattijo, mushen lakwal ne da ya yi ritaya, ba ya cika sa baki. Sai ya ajiye kofinsa ya dubi yaron farko, ya ce, "Ɗana, Wazirin nan da kake faɗi, a wane shafi aka kama shi, kuma wa ya kama shi?" Yaro ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba, ni a waya na ji farkon labarin." Aka yi dariya aka wuce. Ni dai tambayar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba.

Ɗabi'ar nan ta ɗauko tsofaffin littattafai a auna mutanen yau da su ta yi yawa a tsakaninmu, kuma ni ban ga laifinta ba. Tun da kundin da aka fitar a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ina sa ran abin zai ƙaru ma, yara za su riƙa jin sunayen Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar fiye da yadda mu ƴan lakwal ɗin Faransanci muka ji su. Su kansu marubutan haka suka yi. Abubakar Imam, lokacin da ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, daga tatsuniyoyin Indiya da na Turawa, ya ɗinka musu riga da wando irin namu har ba ka gane baƙi ne. Wanda ya yi aro don ya faɗa wa mutanen zamaninsa magana ba zai ji haushi ba don mun are shi mun yi maganar namu zamanin. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda muke aron. Muna tsinko suna ɗaya daga shafin farko mu jefi wanda ba mu so, sauran littafin mu bar wa gara.

Bari mu tuna yadda labarin yake, don na lura da yawa sun manta. Sarki Abdurrahman yana da ɗa Musa da jika Mahmudu. Sarkin Sinari ya aiko da maganar aure tsakanin ƴarsa da Musa, aka wulaƙanta manzon, daga nan fa yaƙi ya taso. Ku riƙe wannan, yaƙin bai taso kan gona ko rijiya ba, ya taso ne kan maganar da aka faɗa wa ɗan aike. Sarki ya fita daga, ya bar Musa a gida, Waziri kuma da ya daɗe yana kwaɗayin gadon sarauta ya haɗa baki da abokan gaba. Burinsa Musa ya fito daga fada a kama shi. Kowane dare Musa zai ɗaura ɗamara ya ce shi fa sai ya bi sahun yaƙi, kowane dare aku zai ja shi da labari, daga wannan ya faɗa wancan, har asuba ta yi, fita ta gagara. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu.

To duk wanda ya zauna a Maraɗi ko Ƙwanni ko Magarya a watan Agusta na 2023 ya ga wannan littafin da idonsa. An yi juyin mulki ran 26 ga Yuli. Ran 30 ga wata CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda, ta ce in ba a mayar da shugaba Bazoum ba ƙarfi na iya shiga. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, motocin kaya suka yi layi a hanyar Jibiya da Ɗan Isa, da ta Illela da Ƙwanni. Kowa ya san yadda kuɗin shinkafa da na magani suka yi tsalle. Tawagar farko da aka aiko, wadda Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta tare da Sarkin Musulmi, ba ta wuce filin jirgin Yamai ba ta juya. A wannan makon, wallahi, ba a rasa masu ɗaura ɗamara ta kowane ɓangare ba. A Facebook kuwa kowa ya zama Musa, kowa na cewa a bar shi ya fita.

Su wa suka yi aikin aku? Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, ƴan majalisar arewa suka tuna wa gwamnatinsu cewa jihohinsu ne ke manne da mu. Sarki Sanusi ya zo Yamai tare da Sultan na Damagaram ya gana da Janar Tiani. Malaman addini daga Najeriya suka zo ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, suka koma, suka sake zuwa. Tawagar Abdulsalami ta dawo ran 19 ga Agusta, wannan karon aka karɓe ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye da ta warware rikicin. A lokacin ma mutane da yawa dariya suka yi ta yi musu, ana cewa an zo an sha shayi an koma. Amma aku ma bai taɓa warware rikicin Sinari ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya cinye dare. Kowace tawaga ta cinye mako guda, fushin farko ya riƙa hucewa, har aka kai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, ba a harba harsashi ko ɗaya tsakanin Katsina da Maraɗi ba. Wanda ke da kaka a Daura da gwaggo a Matamai shi ya san darajar wannan. Ni a ganina waɗannan mutane ba mu biya su godiyar da ta kamata ba, don aikin hana abu faruwa ba ya barin hoto da za a liƙa a bango.

Akwai kuma wani wuri a labarin da ban taɓa jin an ɗauko a fada ba. Akun nan yana da mata. Daren farko da Musa ya yi niyyar fita, ita ya fara tunkara, ita kuwa ta faɗa masa gaskiya tsirara, ta ce kada ya fita. Ya fusata ya kashe ta. Mijin yana kallo. Shi ya sa da aka zo kansa bai ce kada ka tafi ba, sai ya bi ta bayan gida da labari. Muna yaba wayon aku, kuma ya cancanci yabo. Amma ku tsaya ku duba: shawarar macen da ta namijin ɗaya ce, kuma ita ce daidai. Musa bai san ma cewa wadda ya kashe ita ta fara ceton ransa ba. Gidan da sai ka iya tatsuniya kafin ka faɗi gaskiya ka kwana da rai, gida ne mai haɗari ga mai gidan kansa, domin ba kullum ake samun aku mai labari ɗari a ka ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji an rufe wata kafa ko an tsare wani mai magana. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, a watan ne kuma aka kama Moussa Tchangari. Wani zai ce ai suna da laifinsu, ƙasa na cikin yaƙi, ba kowace magana ake bari ba. Na ji, kuma ban ce duk mai magana gaskiya yake faɗi ba. Tambayata ita ce, in a cikin goma da aka rufe wa baki akwai macen aku guda ɗaya, wa zai gaya wa Musa abin da ke jiransa a bakin ƙofa?

Yanzu mu dawo kan Waziri, tunda shi ne kowa ya fi so. A littafi ba ka wahalar gane shi. Imam ya buɗe maka cikinsa tun farko, ka ji abin da yake ƙullawa, ka ga saƙon da ya aika. Kai mai karatu ka san abin da Sarki bai sani ba, saboda akwai marubuci zaune a sama yana nuna maka. A rayuwa babu wannan marubucin. Abin da muke da shi sai "an ce", sai sautin murya da aka tura a WhatsApp ba a san wa ya naɗa ba, sai hoton takarda da kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta. Da wannan ne yaro ɗan shekara ashirin zai yanke wa mutum hukuncin cin amanar ƙasa tsakanin shayi na biyu da na uku.

Kuma a kan kanta ɗaya da Magana Jari Ce akwai wani littafi da ke ba da labarin akasin haka. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. A ciki akwai Makau, mijin uwar Umar, bafade amintacce. An dawo daga hari, sai ƴan'uwansa fadawa masu hassada suka kai wa sarki cewa ya ɓoye wani abu daga ganimar. Ƙarya ce. Sarki ya yarda, aka kore shi daga gari. Duk bala'in da ya faɗa wa gidan nan daga baya, satar yaro da yawon uwa, daga wannan tsegumi na fada ya samo tushe. To ga littafi biyu na zamani ɗaya: a ɗaya wanda ake zargi maci amana ne da gaske, a ɗaya kuma masu zargin ne macuta. Me ya sa in mun tashi nuna yatsa kullum na farkon muke tunawa? Ban taɓa jin wani ya ce a fada, "Kai jama'a, kada fa mu zama fadawan da suka kori Makau" ba.

Tarihinmu ma ya isa ya sa mu yi hattara. Djibo Bakary ya ce a'a a ƙuri'ar 1958, aka haramta jam'iyyarsa Sawaba a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo aka sake tsare shi zamanin Kountché. Shekara da shekaru sunansa shi ne Wazirin labarin a bakin masu mulki. A watan Oktoba na 2024 aka cire sunan De Gaulle daga babban titin Yamai aka sa nasa. Mutumin bai canza ba, yana kabarinsa. Masu ba da labarin ne suka canza.

Wannan ya kawo mu ga Sarauniya Mangu. Ba ni da ja a kan jaruntarta. A watan Afrilu na 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ke tafe tana ƙone garuruwa, ita da mutanenta a Lugu, can wajen Dogon Dutsi, sun tsaya sun yi faɗa a lokacin da wasu masu manyan ganuwa suka buɗe ƙofa. Amma Sarauniyar da yawancinmu ke gani a ido, mai jawabi, mai tara ƙabilu a inuwa ɗaya, ta fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ƙagaggen labari ne aka gina a kan abin da ya faru, kuma marubucin bai ɓoye hakan ba. Shi kansa Mamani ɗan Sawaba ne, ya sha gudun hijira ya sha kurkuku a ƙasarsa. Wanda ya ba mu jarumar da muke alfahari da ita yau, a zamaninsa cikin jerin "maƙiyan ƙasa" aka sa shi.

In mun bi tarihin har ƙarshe kuma, abin da ya biyo bayan Lugu yana da nauyi. Rundunar ba ta tsaya ba. Ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni a watan Mayu. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar rundunar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu baki, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa, kaburburan suna nan har yau. Sauran rundunar ta ci gaba, ƙarshen watan nan aka yi Tirmini, Damagaram ta faɗi. Wanda ya tsaya a Lugu zai fita da darasi guda, cewa tsayawa gaban azzalumi abin yi ne, kuma gaskiya ne. Wanda ya kai Maijirgi zai ƙara da na biyu, cewa shugaban yaƙin da ya daina jin maganar kowa, daga cikin zangonsa ajalinsa ke fitowa. Wanda ya kai Tirmini kuma dole ya haɗiye na uku mai ɗaci: jarunta ita kaɗai ba ta hana ƙasa faɗuwa ba, saboda kowane gari shi kaɗai ya yi nasa faɗan, wani na ƙonewa maƙwabcinsa na jiran nasa layin. Wannan na ukun shi ya fi kama da abin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji ke gani a hannun ƴan bindiga masu satar mutane da shanu, da abin da mutanen Tillaberi da Diffa suka daɗe suna gani.

Gandoki ma haka. Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya ba mu jarumin da ya yi faɗa da Turawa, mai kirari, wanda takobinsa ba ya komawa kube a bushe. Samari na son wannan rabin. Amma bayan an ci su da yaƙi, ina marubucin ya kai shi? Ƙasashen aljanu da dodanni, can nesa, inda yake cin nasara kullum. Da ya dawo gida ya tarar Turawa sun riga sun shimfiɗa mulkinsu. Ni duk lokacin da na ga wani ya ci birni goma a Facebook kafin ya karya kumallo, wannan rabin na biyu nake tunawa. Nasarar ƙasar aljanu ba ta da wuya, ba ta kuma rage kuɗin buhun hatsi.

Ga wani abin da zai ba wasu mamaki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, asalinsa labarin wani gwarzon Rashawa ne, Ilya Muromets. Sarki Waldima na littafin shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa shi ne Kiev, babban birnin Yukren na yau da muke ji a labarai ana yi wa ruwan bama-bamai tun 2022. Wato kakanninmu sun san sunan garin nan a Hausance tun kafin a haifi masu yaƙin. Rashawa na cewa gwarzonsu ne, ƴan Yukren na cewa nasu ne, gawar da ake dangantawa da shi kuma tana kwance a wani tsohon gidan ibada a Kiev. Mu da sojojin Rasha masu ba da horo suka sauka a Yamai a Afrilun 2024, muka kuma yanke hulɗa da Yukren a watan Agusta na shekarar, ya kamata mu san cewa ɓangarorin biyu jarumi ɗaya suke yi wa kirari, tatsuniya ɗaya aka yi musu suna yara, kuma hakan bai hana su haƙa wa juna kabari ba. Mu da Katsina da Sakkwato ma tatsuniyarmu ɗaya. Kada wani ya ce mana wannan kaɗai ya isa katanga.

A tsohon labarin na Rashawa akwai inda sarki ya yi fushi da gwarzon ya jefa shi kurkuku, sai da abokan gaba suka kewaye birni aka tuna da shi, aka yi sa'a wani a cikin fada ya riƙa kai masa abinci a ɓoye bai mutu ba. Akwai kuma gargaɗin da aka yi masa tun ranar da ya samu ƙarfi, cewa akwai waɗanda bai kamata ya kara da su ba. Wannan ƴan kokowa sun fi ƴan siyasa saninsa. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, sarakunan fili sun sha taɓa ƙasa daga baya. Issaka Issaka ya ɗauki takobi sau da dama har wasu suka fara cewa ba mai kayar da shi, sai ga Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe a filin Doso, gaban mutanen gidansa. Abin da ke burge ni da kokowa shi ne ƙa'idarta a fili take, in an kayar da mutum kowa ya gani, wanda ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe rairayi, baɗi ya sake ɗaura layu ya dawo. Ba a kore shi daga gari, ba a ce ya ci amanar jiharsa. Da za mu ɗauki siyasarmu da rabin wannan hankalin, da an rage zaman makoki.

Tunda mun shigo wasa, bari in tuna muku abin dariya, don shi ne ya fi dacewa da yaron fadarmu. Ran 8 ga Oktoba 2011, wasan ƙarshe na neman shiga gasar cin kofin Afirka. Mena ta sha kashi 3 da 0 a hannun Masar. Afirka ta Kudu kuwa tana wasa da Saliyo a gida, da suka ji sakamakon sai suka daina kai hari, suka riƙe canjaras 0 da 0, aka busa tashi suka shiga rawa a fili suna zagaye, sun ɗauka yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe dokar gasar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Ƙasashe uku kowa na da maki 9, a tsakaninsu kuma Nijar ce gaba. Haka Mena ta Harouna Doula ta tafi gasar 2012, karo na farko a tarihi. Mutane masu manyan filaye da kuɗi da masana, sun karanta farkon takarda sun bar ƙarshenta. Gizo ma da ya ji wannan sai ya sara musu. Mu ma dai kada mu cika baki, mun je gasar mun sha kashi a wasa uku mun dawo.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ai tatsuniya ce, ka ɗauke ta da zafi. Mai kiran wani Waziri a fada raha yake yi. Da haka ne da ban rubuta wannan ba. Amma kalmar da aka fara da raha a fada ita ce gobe ake turawa a rukunin WhatsApp da hoton mutum, jibi a ƙi gaisawa da ƙaninsa a kasuwa, gata a ce a bincike shi. Sunan da aka ɗauko daga littafi yana da wani ƙarfi da zagi na kawai ba shi da shi, don yana zuwa da hukuncinsa a kammale. Da ka ce Waziri, ka riga ka faɗi laifi, ka faɗi shaida, ka faɗi ƙarshen da ya dace da shi, ba tare da ka kawo ko ɗaya ba. Haka in ka ce wane Gandoki ne ko wance Sarauniya ce, ka ɗauke shi daga layin waɗanda ake tambaya ina kuɗin kaza suka shiga.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Littattafan nan ba su da kauri, Shaihu Umar ana gama shi a zama biyu. Suna nan a wajen masu sayar da littattafai a kasuwa, wasu an karanta su da murya ana samu a waya. Fadar da ke iya kashe awa uku kan wanda ya fi tsakanin Barcelona da Real Madrid tana iya ware dare ɗaya a mako, mutum ɗaya ya karanta babi, sauran su saurara, a bi har shafin ƙarshe kafin a fara raba wa mutane sunaye. Gidajen rediyonmu masu zaman kansu ma suna iya yin haka, kamar yadda ake karanta littattafan soyayya.

In an yi haka za a gamu da wata da ban taɓa jin kowa ya kira sunanta a gardamar siyasa ba, uwar Shaihu Umar. Ba ta da kirari, ba ta riƙe takobi ba, ba ta cikin masu shawara a fada lokacin da aka ƙulla abin da ya rusa mata gida. An sace mata ɗa, ta fita nemansa da ƙafarta, a hanya ita ma aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara da ita hamada ta Murzuk. Hanyar nan ba ta mutu ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, akasari daga yankin Kance. Yau kuma a ƙauyukan bakin iyakar Maraɗi akwai matan da suka sayar da akuya da gona da kayan ɗaki don haɗa kuɗin fansa, suna kwana da waya a hannu suna jiran kira daga daji. A littafin, bayan shekaru masu yawa, ta ga ɗan nata ya zama babban mutum mai ilimi. Ba ta daɗe ba bayan haɗuwarsu ta rasu.